Dokar Hana Wariya a Wurin Aiki da Ƙaramin Ɗan Kasuwa a Amurka: Ina Nauyin Yake Faɗawa?

A cikin dokokin aiki na Amurka, babu adadin da masu ƙananan sana'o'i suka haddace kamar 15. Abin da ya yaɗu a tsakaninsu shi ne, muddin ma'aikatan mutum ba su kai goma sha biyar ba, dokar hana nuna wariya ba ta hau kansa ba, don haka yana da ikon ɗaukar wanda ya ga dama, ya sallami wanda ya ga dama, ba tare da wani ya tuhume shi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba, kuma abin da aka tsallake a cikinta shi ne yake kai masu gidajen abinci da masu garejin gyaran mota da masu ƙananan asibitoci gaban alƙali.

Asalin adadin yana cikin Dokar 'Yancin Jama'a, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu ranar 2 ga Yuli, 1964. Babi na Bakwai na dokar ya haramta wa mai ɗaukar ma'aikata ya ƙi ɗaukar mutum, ko ya kore shi, ko ya tauye masa albashi da ƙarin girma, saboda launin fatarsa, ko tsatsonsa, ko addininsa, ko ƙasar da ya fito, ko don kasancewarsa mace ko namiji. Dokar ce kuma ta kafa hukumar da ke karɓar ƙorafin ma'aikata, wadda aka fi sani da EEOC. Da farko kamfanonin da ke da ma'aikata 100 zuwa sama kaɗai ta shafa, sannan aka riƙa saukowa shekara bayan shekara zuwa 75 da 50, har aka tsaya a 25. A 1972 aka kawo ƙudurin da ya nemi a sauko zuwa takwas, 'yan majalisa suka ja daga, aka daidaita a kan 15. Hujjojin da aka kafa su ne cewa ƙaramin wuri ba zai iya ɗaukar kuɗin shari'a ba, kuma alaƙar mai gida da yaransa a irin wannan wuri ta fi kama da ta iyali. Hujja ta farko tana da ƙarfi har gobe. Ta biyu kuwa tana da rauni, domin wanda aka hana aiki saboda addininsa a shagon mutum goma bai fi wanda aka hana a masana'antar mutum dubu samun sauƙin yunwa ba. Gaskiyar magana ita ce 15 sakamakon ciniki ne tsakanin 'yan siyasa, ba wani ma'auni ne da aka gwada aka ga nan ne iyakar abin da ɗan kasuwa zai iya ɗauka ba.

Duk da haka tasirin adadin yana da girma, domin kusan tara cikin goma na kamfanonin Amurka masu biyan albashi ba su da ma'aikata 20, ko da yake ba su riƙe da ko kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ba. Dokokin da suka biyo baya sun bi wannan sawu. Dokar 1967 da ke kare 'yan shekara 40 zuwa sama tana hawa ne kan mai ma'aikata 20 zuwa sama. Dokar 1990 ta masu buƙata ta musamman, wato ADA, ta tsaya a 15, haka ma dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2023 wadda ta wajabta sassauta wa mata masu juna biyu yanayin aiki.

Wurin da mutane suka fara tuntuɓe shi ne ƙidayar kanta. Doka ta ce a duba ko mutum ya riƙe ma'aikata 15 a kowace ranar aiki ta makonni 20 a cikin shekarar da ake ciki ko wadda ta gabace ta, kuma ba dole ne makonnin su zo a jere ba. A 1997, a shari'ar Walters, Kotun Ƙoli ta yanke cewa abin dubawa shi ne wanda sunansa ke cikin littafin albashi, ba wanda ya zo aiki a ranar ba. Saboda haka ɗalibin da ke zuwa Asabar da Lahadi kaɗai cikakken mutum ɗaya ne a lissafi, kuma gidan abincin da ke da masu aikin dindindin takwas da masu aikin wasu sa'o'i takwas ya riga ya haye layin, ko da mai shi bai taɓa ganin mutum goma a ɗakin girki lokaci guda ba. Wanda ya raba kasuwancinsa gida biyu da sunaye daban, alhali aljihu ɗaya ne kuma mutum ɗaya ke ɗauka da kora, kotu tana iya haɗe su ta ƙirga. Wanda kuma ya kira ma'aikatansa 'yan kwangila, alhali shi ke tsara musu lokacin zuwa da tashi da yadda za su yi aikin, sunan da ya ba su ba zai fisshe shi ba. Hatta masu hannun jari ana iya ƙirga su: a 2003, a shari'ar wani ƙaramin asibiti da ke Clackamas a jihar Oregon, tambayar da ta kai Kotun Ƙoli ita ce ko likitoci huɗu da suka mallaki asibitin ma'aikata ne, domin da su ne adadin zai cika. Kotu ta ce a duba wane ne yake da iko a kan wane, ba muƙamin da ke rubuce a takarda ba.

Ko da an tabbatar mutum bai kai 15 ba, tsugune ba ta ƙare ba. Akwai wata tsohuwar doka ta 1866, wadda aka yi bayan yaƙin basasa domin 'yantattun bayi, kuma lauyoyi suna kiranta Sashe na 1981. Ta ce kowa yana da 'yancin ƙulla yarjejeniya kamar yadda farar fata ke da shi, kuma aiki yarjejeniya ce. Wannan doka ba ta san wani adadi ba. Mai ma'aikaci ɗaya ma tana kansa. Ba sai an bi ta hukumar EEOC ba kafin a je kotu, wa'adin shigar da ƙara yakan kai shekara huɗu, kuma babu iyaka ga diyyar da za a iya yankewa. Ba ta shafi addini ko bambancin mace da namiji ba, amma a 1987, a ƙarar da wani malamin jami'a haifaffen Iraƙi mai suna Majid Al-Khazraji ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce tana kare mutum daga wariya saboda tsatsonsa, kamar kasancewarsa Balarabe. Dokar daidaita albashin mata da maza ta 1963 ita ma ta shafi kusan kowane mai biyan albashi, sannan dokar shige da fice ta 1986 ta hana mai ma'aikata huɗu zuwa sama nuna bambanci saboda matsayin zama ɗan ƙasa, ko tsananta wa wani wajen neman takardu saboda an ji harshensa na baƙo ne.

Sai kuma dokokin jihohi, waɗanda a aikace su ne suka fi taɓa ƙaramin ɗan kasuwa. A Kalifoniya dokar ta fara daga ma'aikata biyar, a batun cin zarafi kuwa daga ɗaya. A jihar New York, tun watan Fabrairun 2020, ta hau kan kowa ba tare da la'akari da adadi ba. Illinois ta sauko zuwa ɗaya a watan Yulin 2020, Michigan ta daɗe a haka, har Texas, wadda ba a san ta da matsa wa 'yan kasuwa ba, ta sauko zuwa ɗaya a batun cin zarafin da ya shafi lalata tun watan Satumbar 2021. A gefe guda kuma akwai Mississippi da Alabama da Georgia, waɗanda ba su da cikakkiyar dokar jiha da ta game kamfanoni masu zaman kansu. Ke nan ɗan Afirka ta Yamma da ya buɗe shagon kayan miya da yara biyu a unguwar Bronx ta New York, inda 'yan Gana da 'yan Nijar masu jin Hausa suke da yawa, yana ƙarƙashin wajibcin da takwaransa mai yara goma a wani gari na Mississippi bai san da shi ba, alhali ƙasa ɗaya ce.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan dokar ta hau kan mutum, ina nauyinta yake faɗawa? Ba a cikin haramcin kansa yake ba, domin ƙin nuna wariya ba ya cin ko sisi. Nauyin yana cikin abin da ake buƙata wajen tabbatar wa hukuma da kotu cewa ba a nuna wariyar ba, kuma wannan kuɗi ne da ba ya raguwa don kasuwanci ƙarami ne.

Ma'aikacin da ke ganin an zalunce shi yana da kwana 180 ya kai ƙorafi EEOC, ko kwana 300 a jihar da ke da tata hukumar. Kyauta ne, kuma ba ya buƙatar lauya. Hukumar takan sanar da mai gida cikin kwana goma, ta yi tayin sulhu kyauta, idan ba a daidaita ba ta nemi ya rubuto amsa tare da hujjojinsa. A shekarar kuɗi ta 2024 ƙorafe-ƙorafe 88,531 ta karɓa, amma ƙararrakin da take shigarwa da kanta a shekara ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Saura takan ba mai ƙorafi takardar izinin zuwa kotu, wadda dole ya yi amfani da ita cikin kwana 90, ko da binciken hukumar bai gano laifi ba. Babban kamfani yana da ofishin kula da ma'aikata da lauyoyin da ke cin albashi domin irin wannan rana. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa shi ne manaja, shi ne akawu, sau da yawa shi ne mai buɗe shago da asuba, kuma kowace sa'a da ya kwashe a ofishin lauya sa'a ce da ya biya sau biyu.

Majalisa ta yi ƙoƙarin sassautawa a dokar 1991, inda ta sa iyaka ga diyyar ɓacin rai da ta ladabtarwa gwargwadon girman kamfani: dala 50,000 ga mai ma'aikata 15 zuwa 100, dala 100,000 ga mai 101 zuwa 200, dala 200,000 ga mai 201 zuwa 500, sai dala 300,000 ga duk wanda ya haura haka. A ido kamar an tausaya wa ƙarami, amma idan aka raba da yawan ma'aikata sai hoton ya juye. Mai mutum 15 yana fuskantar sama da dala 3,300 a kan kowane ma'aikaci, mai 501 kusan dala 600, kamfanin da ke da mutum dubu ɗari kuwa dala uku kacal. Ba a taɓa waɗannan alƙaluma ba tun 1991, kuma albashin baya da ma'aikaci ya rasa da kuɗin lauyansa ba sa cikin iyakar. A kan kuɗin lauya ma akwai rashin daidaito da aka yi da gangan: idan ma'aikaci ya ci shari'a, a bisa al'ada mai gida ne zai biya lauyoyin ɓangarorin biyu, amma idan mai gida ya ci, hukuncin Christiansburg na 1978 ya ce ba zai karɓi nasa ba sai ya nuna ƙarar ba ta da tushe ko kaɗan. Manufar ita ce kada talaka ya ji tsoron neman haƙƙinsa, kuma manufa ce mai kyau. Sakamakonta a kan ƙaramin ɗan kasuwa shi ne, ko yana da gaskiya, sau da yawa biyan kuɗin sulhu ya fi masa arha a kan tabbatar da gaskiyar tasa. Wannan ne ya haifar da inshora ta musamman da ake saya domin ƙarar ma'aikata, wadda ita ma wani kashe kuɗi ne na shekara-shekara.

Yadda kotu ke auna hujja ya ƙara fito da wannan rauni fili. Da wuya a samu mai gidan da zai furta cewa ya kori mace don tana da ciki, saboda haka tun 1973, a shari'ar McDonnell Douglas, aka shimfiɗa matakai uku. Ma'aikaci zai nuna alamun farko, wato ya cancanci aikin, an cutar da shi, kuma an kyautata wa wani makamancinsa. Mai gida zai faɗi halastaccen dalilinsa. Daga nan ma'aikaci zai yi ƙoƙarin nuna cewa dalilin fakewa ce kawai. A mataki na ƙarshe takarda ce ke magana. A ɗauka wani mai gidan burodi ya yi wata shida yana yi wa ma'aikaciyarsa faɗa da baki a kan makara, bai taɓa rubutawa ba saboda kunya da zaman tare, har ma ya ba ta ƙarin albashi a tsakiyar shekara don ya san halin da gidansu ke ciki, sannan ya sallame ta mako biyu bayan ta shaida masa tana da juna biyu. Abin da alƙali zai gani a rubuce shi ne ƙarin albashi, da sanarwar ciki, da kora. Idan kuma akwai wani ɗan uwan mai gida da ke makara ba a kore shi ba, to shari'ar ta kusa ƙarewa. Kirkin da ya hana shi rubuta gargaɗi shi ne ya zama shaida a kansa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, domin takardar da aka rubuta bayan ƙorafi ya iso ta fi rashinta muni. Dokar tarayya ma ta wajabta ajiye takardun ma'aikata da na masu neman aiki har shekara guda, idan kuma ƙorafi ya shigo, har sai an kammala shi.

Akwai wani tarko da ya fi wannan kama mutane, wato bi-ta-da-ƙulli. Doka ta hana a hukunta ma'aikaci saboda ya yi ƙorafin wariya ko ya ba da shaida, kuma shekaru da dama ke nan wannan zargi shi ne kan gaba a EEOC, har yakan bayyana a fiye da rabin ƙorafe-ƙorafen. Abin lura shi ne ma'aikaci yana iya faɗuwa a zargin wariya amma ya ci na ramuwa, muddin ya yi ƙorafin farko da zuciya ɗaya. A 2006, a shari'ar Burlington Northern, Kotun Ƙoli ta ce ba sai an kai ga kora ba. Duk matakin da zai sa mai hankali ya ji tsoron kai ƙara ya isa. A babban kamfani ana iya raba masu rigima, a mayar da ɗaya wani reshe, a sa wani manaja ya riƙa duba aikinsa. A shagon mutum goma sha shida, wanda aka zarga shi ne zai rubuta jadawalin mako mai zuwa, yana cike da jin an ci amanarsa, kuma rage wa mai ƙorafi sa'o'i biyar ko mayar da shi aikin dare ya isa ya zama sabuwar ƙara wadda ta fi ta farko ƙarfi.

Batun sassauci shi ne ɓangaren da doka ta fi yi wa ƙarami adalci, ko da yake nan ma an ƙara ɗaure igiya. Tun 1972 aka wajabta wa mai gida ya daidaita aiki da ibadar ma'aikaci, kamar fita sallar Juma'a, ko sanya hijabi, ko barin gemu, ko hutun Asabar ga Bayahude, sai fa idan hakan zai jawo masa wahala mai tsanani. Kotuna sun yi shekaru 46 suna bin wata jimla ta hukuncin Hardison na 1977, wadda aka fahimta da cewa ɗan ƙaramin kashe kuɗi ma ya isa uzuri. A 2023, a ƙarar Gerald Groff, wani Kirista mai raba wasiƙu a Pennsylvania da ya ƙi aikin Lahadi, alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu a kan cewa dole mai gida ya nuna hasara mai yawa idan aka auna ta da irin kasuwancinsa da girmansa. Kafin nan, a 2015, kotun ta ba Samantha Elauf gaskiya a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch, wanda ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta, ta kuma ce ba sai mai neman aiki ya furta addininsa ba kafin laifi ya tabbata. Tun da ma'aunin yana duba girman wuri, kantin magani mai mutum biyu a kanta ranar Juma'a yana da hujjar da babban kanti ba shi da ita. Amma hujjar sai an nuna ta da lissafi, bayan an gwada musanyar lokaci da sauran hanyoyi. Gunagunin abokan aiki ko ƙyamar abokan ciniki ga addinin mutum ba uzuri ba ne. Ga masu buƙata ta musamman ma haka tsarin yake, kuma gwamnati takan mayar wa ƙaramin kasuwanci, mai cinikin da bai wuce dala miliyan ɗaya ba ko ma'aikatan dindindin 30, rabin abin da ya kashe wajen gyara ta hanyar ragin haraji, har zuwa dala 5,000 a shekara.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan ko tsoron ƙara yana sa masu gida su guji ɗaukar mutanen da doka ke son karewa, tun da wanda ba a ɗauka ba da wuya ya san dalili, wanda aka kora kuwa ya san komai. A 2001 Daron Acemoglu da Joshua Angrist sun wallafa binciken da ya nuna aikin yi ya ragu a tsakanin naƙasassu 'yan shekara 21 zuwa 39 bayan ADA ta fara aiki. Christine Jolls da J.J. Prescott sun kwatanta jihohi, suka ga raguwar ta fi alaƙa da kuɗin sassauci a shekarun farko, ba da haramcin wariya ba. A ɗaya hannun, gwajin da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, ya nuna sunayen da ake dangantawa da farar fata sun samu kiran ganawa da ya fi na sunayen baƙaƙe da kashi 50 cikin 100. Wato cutar da ake magani tana nan, kuma a bakin ƙofar shiga take, inda doka ta fi rauni. Birtaniya ta zaɓi wata hanya: ta soke keɓewar da ta yi wa ƙananan kamfanoni a dokar naƙasassu a watan Oktoban 2004, kuma dokarta ta daidaito ta 2010 ta hau kan kowa.

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya, musamman ga baƙin haure masu kasuwanci, shi ne ɗaukar ma'aikata ta hanyar sanayya. Mai shago ba ya buga talla. Yakan gaya wa yaronsa cewa ana neman mutum, yaron ya kawo ƙaninsa ko wanda suke masallaci ɗaya ko coci ɗaya, bayan shekara biyar sai a wayi gari duk ma'aikatan harshe ɗaya suke ji. Ga wanda ya tashi a kasuwannin ƙasar Hausa wannan ba abin mamaki ba ne, domin amana ce ake nema, kuma wanda ya kawo mutum shi ne lamuninsa. Shari'o'i biyu da aka yi a Chicago, a kotun ɗaukaka ƙara ɗaya, sun nuna siririn layin da ke tsakanin halas da haram a nan. A ta farko, a 1993, EEOC ta kai ƙarar wani ƙaramin kamfanin share-share mai suna Consolidated Service Systems, mallakar wani ɗan asalin Koriya, saboda kashi 81 cikin 100 na waɗanda ya ɗauka 'yan Koriya ne, a yankin da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ma'aikata ba. Alƙali Richard Posner ya wanke shi, yana mai cewa zama a jira waɗanda suka ji labari daga bakin 'yan uwa ita ce hanya mafi arha ga ƙaramin kamfani, kuma neman arha ba niyyar wariya ba ce. Shekara guda bayan haka kotun ta tabbatar da laifi a kan masana'antar O&G, mai ƙera kayan wayar ƙarfe, wadda wani ɗan asalin Poland ya kafa a unguwar da baƙaƙe suke da yawa, domin a tsakanin 1979 da 1985 ta ɗauki leburori 87 babu baƙar fata ko ɗaya. Shi ma ya kafa hujja da sanayya, amma kotu ba ta yarda cewa sanayya kaɗai za ta iya bayyana sifili a irin wannan unguwa ba.

Shekarun baya-bayan nan sun motsa ƙasa ta fuskoki biyu masu karo da juna. A 2024, a shari'ar Muldrow, Kotun Ƙoli ta sauƙaƙa wa ma'aikata, ta ce sauyin wurin aiki saboda wariya ba sai ya jawo babbar hasara ba kafin a saurari ƙara. A watan Yunin 2025, a shari'ar Ames, ta ce wanda ya fito daga ɓangaren masu rinjaye ba a ɗora masa hujja mai nauyi fiye da ta kowa ba, abin da ke nufin Ba'amurke farar fata da ya nemi aiki a shagon baƙin haure aka ƙi shi yana da ƙofar kotu a buɗe daidai da kowa. A ɓangaren gwamnati kuwa, a watan Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya umarci hukumomin tarayya su ja baya daga bin ƙararrakin da aka gina a kan tasirin tsari ba tare da niyya ba, wato inda tsarin ɗaukar aiki ya fi cutar da wani rukunin mutane ko da mai gida bai nufi wariya ba, ƙa'idar da ta samo asali daga hukuncin Griggs na 1971. Wasu masu ƙananan kasuwanci za su ɗauki wannan umarni a matsayin sauƙi ga ɗauka ta hanyar sanayya, amma sauƙin taƙaitacce ne. Ƙa'idar tana rubuce a dokar 1991, wadda umarnin shugaban ƙasa ba ya iya sokewa, lauyoyi masu zaman kansu da hukumomin jihohi suna iya ci gaba da amfani da ita, kuma masana'antar O&G ba a kan tasirin tsari ta faɗi ba; a kan niyya aka kama ta, niyyar da kotu ta karanto daga jerin sunayen mutum 87 da aka ɗauka.